Mai Gida, Kada Ka Yar Da Katin Yaranka

Idan ba a manta ba, a nan jihar Sinnar aka fara gwada inshorar lafiya ta ƙasar Sudan a shekarar 1995, bayan dokar da aka kafa a 1994. Ta'amin, kamar yadda muke kiranta a Makwar da Maiurno, an gina ta ne a kan karo-karo: kashi 10 cikin 100 na albashi, mai gida ya ba da 6, ma'aikaci ya ba da 4. Mai kati ya ga likita, idan an rubuta magani ya biya rubu'in kuɗin kawai. A 2016 aka sake doka, ta mai da shiga tsarin wajibi.

To, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kasuwa ta karye. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato su. Mun san masu injin niƙa da masu motocin dako da masu sito da suka dawo suka tarar babu ko buhu. Abin da ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi shi ne kuɗin ta'amin. Sai mai gida ya ce wa yaro, ga ɗan ƙari a albashi, ka ji da kanka.

Mu dai a ganinmu wannan gurguwar dabara ce, ta fuska uku.

Ta fuskar doka, kason mai gida ba sadaka ba ne da zai bayar yau ya hana gobe. Mafi muni shi ne wanda ke ci gaba da zare kashi 4 daga albashin yaro amma bai kai wa hukuma ba. Wannan kuɗin ba nasa ba ne, amana ce. Ranar da matar yaron ta zo haihuwa aka ce katin ya mutu, ranar asiri zai tonu, kuma takardar albashi ce za ta zama shaida a kansa.

Ta fuskar haraji ma akwai abin dubawa. 'Yan uwanmu da ke fatauci zuwa Kano sun san cewa a Nijeriya ana cire kuɗin inshorar lafiya kafin a lissafa harajin albashi, kuma tun 2022 doka ta wajabta inshorar a can. A Amurka ma abin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a ɗora masa haraji, amma tsabar kuɗi a hannu albashi ne, sai an yanka. Saboda haka kafin ka mai da kati kuɗi, je ka ofishin haraji ka ji matsayin wannan ƙari, kada ka guje wa tara ka tarar da goma.

Ta uku kuwa kowa ya sani. Kuɗin da aka ba yaro ranar Alhamis, kafin Asabar ya tafi wajen dawa da sukari. Idan zazzaɓin damina ya kwantar da ɗansa, ƙofar wa zai buga? Taka ce, Alhaji. Za ka biya duka, ba rubu'i ba.

Shawararmu ita ce, wanda nauyi ya yi wa yawa ya zauna da yaransa ya faɗa musu gaskiya, a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Ƙungiyoyin kasuwa daga Damazin zuwa Gallabat su haɗa 'ya'yansu su yi rajista tare, su kuma riƙa neman rasit. Ku kuma yara, ku duba katinku tun kuna da lafiya.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.