Zuwa ga malaman da ke auna ɗaliban kimiyya masu haɗa fannoni



Ina nufin ku malamai na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda tun kafa ta a 2011 take maƙwabtaka da Safana, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da na Cibiyar Binciken Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. Kuna yaye ɗaliban digiri na biyu da na uku da aka ce sun haɗa ilimin ƙasar noma da kiwo da yanayi da tattalin arziki. Ranar kare kundi kuwa, masanin ƙasa ya duba babinsa, mai lissafi ya duba jadawali, mai jarrabawa daga waje ya yi tambaya a fanninsa. Mahaɗar, wadda don ita aka buɗe kwas ɗin, ba mai taɓa ta.

A ce ɗalibi ya kawo hotunan tauraron ɗan'adam na gefen dajin Rugu, tsakanin Batsari da Safana, ya nuna kore ya ƙaru, ya ce daji na farfaɗowa. Lissafinsa ba kuskure. To ku tambaye shi: bishiyoyi ne, ko gonakin da ’yan bindiga suka hana nomawa ne suka koma sabra? Ina masu su suka tafi? Makiyayin da ya saba bin burtalin nan, yanzu ina yake shayar da shanunsa? In ya yi shiru, bai haɗa komai ba; kwasa-kwasai huɗu ya yi a jere.

Ku kuma tambayi yadda aka cike takardun tambayoyinsa. Ba wanda zai tura ɗan mutane cikin daji a wannan hali, kuma babu laifi a tattara bayani ta waya ko wajen ’yan gudun hijira a cikin garin Batsari. Laifin shi ne a ɓoye hakan a rubuta kamar an taka ƙauyen. Wanda ya faɗi gaskiyar iyakar bayanansa ya fi cancantar maki.

Shi ma kwas ɗin a auna shi. Yawan waɗanda aka yaye da muƙalun da aka buga yana faranta wa masu ba da tallafi rai, amma ba ya nuna abin da aka koya. Ku nemi tsofaffin ɗalibanku bayan shekara uku, ku ga aikin da ke hannunsu.

Don Allah, a zaman kare kundi na gaba, ku ware mutum ɗaya wanda ba shi da babi, aikinsa tambayar mahaɗa kawai.

Wassalam.