Wa ke auna abin da ke cikin kwaɗonmu?

Ƴan'uwa matasa, daminar da ta wuce na je ƙauyenmu, gabas da Maraɗi. Na tarar da ƙanen babana yana feshin maganin ciyawa a gonar aya, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Kwana biyu bayan haka na ga matarsa tana tsinkar tafasa a gefen gonar nan. Da dare aka kawo mana kwaɗo, kuma na ci. To me zan ce? Kwalbar maganin kuwa an ɗauraye ta, yara na zuba ruwa a ciki. Na karanta jikinta: parakwat.

Parakwat fa haramtacce ne a ƙasar nan. Ƙungiyar CILSS, wadda Nijar ke ciki, ta hana shi tun 2011, ta hana atarazin a 2015. Turai ta kore shi tun 2007. Guba ce mai cin huhu, kuma wanda ya sha ba shi da makari a asibiti. Amma a shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci, a duba teburin masu maganin gona. Akasarinsu ta iyakar Najeriya suke shigowa, da rubutun Ingilishi wanda manominmu ba ya karantawa, mai sayarwar ma haka. RECA, cibiyar majalisun manoma, ta sha fitar da jerin magungunan da ke yawo a kasuwanninmu ba tare da izini ba. Ba a ɓoye ake abin ba.

Da ka yi magana sai wani mai ilimi ya taso ya ce ai guba a yawa take, ɗan saura ba ya kisa, Turai ma a 2023 ta ƙara wa gilifosat izinin shekara 10. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilifosat cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo kansa, wasu hukumomi suka ce a'a, har yau ana ja. Amma malam, Baturen da kake kafa hujja da shi yana aunawa! A ruwan shansa, maganin feshi guda bai isa ya wuce mikrogiram 0.1 a lita ba, kuma akwai masu ɗibar ruwan su kai ɗakin gwaji. Mu fa? Wa ya taɓa nuna maka sakamakon gwajin rijiyar da ke bakin fadama, ko na salatin da ka saya jiya? "Ɗan saura" nawa ne, in ba wanda ya auna?

Kuma lissafin nasu ba da cimarmu aka yi shi ba. Wanda ya zauna ya tsara iyakar saura a masara da alkama bai san ana tsinkar tafasa da yaɗiya a gonar da aka fesa shekaranjiya ba. Bai san ana yankar hakin a kai wa ragon layya ba.

Ni ban ga laifin baffana ba. Samari sun tafi ci-rani, kuɗin ƙodago ya fi ƙarfinsa, aya kuwa in haki ya rufe ta shi ke nan. Wanda ya ce masa ya koma hauya shi kaɗai, ya fara zuwa ya yi masa yini guda.

Matsayina ke nan. Abin da aka haramta, iyakarsa sifiri ce, a kasuwa da cikin abinci, ba ciniki. A kama shi a wurin babban dillali da bakin duwan, a daina nuna ƙarfi kan mai tebur. Abin da aka yarda da shi kuma, a tsananta iyakarsa daidai da yaro mai shan kunu da mace mai ciki, a rubuta da Hausa da Zabarmanci kwana nawa za a jira bayan feshi, a faɗa a rediyo kafin ruwa ya sauka.

Ma'aikatar noma da ta lafiya su ɗebi samfuri a Jiratawa, a Ƙonni, a lambunan bakin kogi na Yamai, su buga sakamakon kowa ya gani. In babu komai, alhamdulillahi, ni zan fara neman afuwa a shafin nan. Kwalbar dai na karɓe ta daga hannun yaran na huda gindinta, ko da yake inna ta yi mini faɗa, wai na ɓata mata abin ɗibar ruwa.