Kumbon Kamfani, Alhakin Gwamnati

Da Bahaushe ya ga na'urar da ake harbawa tana kewaya duniya, sai ya raɗa mata suna "tauraron ɗan'adam". Sunan ya yi ma'ana, domin ya bambanta ta da taurarin da Allah ya halitta, waɗanda babu mai iƙirarin mallakarsu. Wannan kuwa yana da mai shi, kuma akwai wanda za a tuhuma idan ya yi ɓarna. To, wane ne?

A da, amsar ba ta da wuya. Tun daga 1957 da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, harkar sararin samaniya ta gwamnatoci ce. Yanzu al'amari ya sauya. Bayan Amurka ta jingine kumbunanta na Shuttle a 2011, sai da ta shekara tara tana biyan Rasha kuɗin kujera domin kai 'yan sama jannatinta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Kamfanin SpaceX ne ya fitar da ita kunya a 2020, bisa kwangilar hukumar NASA. Gwamnati ta zuba kuɗi, kamfani ya ƙera roka mai komowa a sake amfani da ita, tsada ta ragu. Ba na cikin masu ƙyamar wannan haɗin gwiwa.

Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauka cewa shigowar 'yan kasuwa ta sauke wa hukuma nauyi. Lokacin da ake tsara dokokin sararin samaniya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Sobiyet ta nemi a taƙaita fagen ga gwamnatoci kaɗai, Amurka kuwa ta ƙi a rufe wa kamfanoni ƙofa. Aka yi sulhu, wanda ya zama sashe na 6 na yarjejeniyar 1967: kamfani na iya shiga, amma ƙasarsa ce za ta ba shi izini, ta riƙa sa masa ido, ta kuma ɗauki alhakin aikinsa. Wato kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yarjejeniyar 1972 ta ƙara da batun diyya, har ma Sobiyet ta biya Kanada dala miliyan 3 na kuɗin Kanada bayan tauraronta Kosmos 954 ya tarwatse a can a 1978.

Sai dai waɗanda suka rubuta waɗannan dokoki ba su hango ranar da kamfani guda zai mallaki dubban taurari ba. Mai kamfanin SpaceX, Elon Musk, ya faɗa da bakinsa cewa a 2022 ya ƙi amincewa da buƙatar Yukiren ta kunna sadarwar Starlink a yankin Kirimiya. Ko shawarar ta yi daidai ko ba ta yi ba, magana ce ta yaƙi da zaman lafiya, wadda ba ta kamaci ɗan kasuwa shi kaɗai ba. Haka kuma, yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniyar, amma Amurka a 2015 da Luksambok a 2017 sun yi dokokin da suka ba kamfanoni damar mallakar ma'adinan da suka haƙo a can.

Kada malamin gobe ya ce wannan rigimar manya ce. Wani kamfanin Ingila ne ya ƙera NigeriaSat-1, aka harba shi daga Rasha a 2003. Sin ce ta harba NigComSat-1 a 2007, ya lalace a 2008, ta maye gurbinsa a 2011. A Disambar 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a ƙa'idojin Artemis da Amurka ke jagoranta, a farkon 2023 kuma Starlink ya fara aiki a Nijeriya. Kusan kullum muna matsayin masu saye ne, ko masu sa hannu a kan abin da wasu suka tsara.

A ganina, kafin a ba kamfanin waje lasisi, ya wajaba a rubuta sharaɗin da zai hana shi yanke sadarwa yadda ya ga dama. Ana kuma buƙatar lauyoyi da jami'an diflomasiyya da suka ƙware a wannan fanni, masu halartar zaman kwamitin sararin samaniya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyana da ƙasashen Afirka a bayansu. A ƙarshen Disambar 2024, zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na ƙasar Kenya. Da ya faɗa kan gidan wani, manomin ba shi da hanyar neman diyya a ƙarƙashin yarjejeniyar 1972 sai ta hannun gwamnati.