Bayan tiyatar kansar ciki: kada ki cika masa kwano

Idan aka sallamo maigida ko mahaifi daga asibiti bayan tiyatar kansar ciki, burinki kawai ki ga ya mayar da jiki. Sai a cika masa kwano da tuwo, a dama kunu a zambaɗa sukari, 'yan dubiya kuma su shigo da lemon kwalba katan-katan. Niyyar mai kyau ce, amma wahalar da shi take yi.

Wanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi, ko aka cire shi gaba ɗaya, ya rasa ma'ajiyar da ke riƙe abinci tana sakin sa kaɗan-kaɗan. Abincin sai ya zarce hanji da sauri. Shi ya sa minti 10 zuwa 30 bayan ya ci za ki ga gumi ya karyo masa, zuciya na bugawa, ga murɗawar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 jiri da karkarwa su kama shi, saboda sukarin jininsa ya faɗi. Kayan zaƙi ne suka fi tayar da wannan, ba sammu ba ne.

Ki raba masa abinci kamar sau 6 a yini, a ƙaramin faranti. Kowane ci ya zo da mai gina jiki: ƙwai, kifi, alala, awara, ko naman kaza da ya dahu luguf. Ya tauna sosai, ba gaggawa. Ruwa kuwa ya sha minti 30 kafin ci ko bayansa, kada ya haɗa su. Idan madara na kumbura masa ciki, ki gwada kindirmo marar sukari. In ya ture kwano, don Allah kada a yi masa gori. Ƙoshi ne ke zuwa masa da wuri.

Ga abin da ake yawan sakaci da shi: tumbi ne ke samar da sinadarin da jiki ke tsotsar bitamin B12 da shi. Wanda aka cire wa duka yana buƙatar B12 har ƙarshen rayuwa, galibi ta allura, ko da ya ji garau. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, kasala da mutuwar ƙafa.

Ki riƙa auna nauyinsa duk mako kina rubutawa. Idan rama ta ƙi tsayawa, ko yana yawan amai, ko abinci na maƙale masa, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ku koma asibiti, kada ku jira ranar da aka ba ku. Batun azumi ma, a fara jin ta bakin likitansa.