Wataƙila Kai Ne Na Goma



A taron kwamiti na makon jiya an kawo shawara a dakatar da zumuntar matasa ta ranar Laraba har sai an koma makaranta a watan Satumba. Dalilan ba ƙarya ba ne. Dogon hutu ya zo, wasu sun tafi gida noma, wasu Jos ko Kafanchan wurin dangi. Agusta kuma shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano. In hadari ya haɗo da yamma, mai fitowa daga Gyadi-Gyadi ko Tarauni yakan daɗe a bakin titin Zariya kafin ya samu adaidaita sahu. Duk da haka ban yarda a rufe ba, ga kuma dalilina.

Sa'ad da nake kwalejin tauhidi na koyi wani abu game da sujadar Yahudawa da har yau ban manta ba. A majami'arsu akwai addu'o'in da ba a yi sai manya goma sun hallara, haka ma karanta Attaura a gaban jama'a. Suna kiran wannan adadi minyan, ana kuma fara ƙirga yaro daga shekara 13. In tara suka zo, sai su jira. A Amurka da Ingila, daga Yuni zuwa Agusta lokacin hutu ne da tafiye-tafiye, don haka ƙananan majami'u kan sha wuya kafin su cika goma. Addu'ar da mai makoki ke yi bayan rasuwar uwa ko uba tana cikin waɗanda ke bukatar goma. Ke nan in mutum ɗaya ya ce yau ya gaji, ya hana maraya yin addu'arsa.

Wani zai ce, Fasto, ai mu ba mu ƙarƙashin wannan ka'ida, Ubangiji ya yi alkawari a Matta 18:20 zai kasance tare da mutum biyu ko uku. Haka ne. Amma waɗanda suka taru aka yi wa alkawarin. Luka 4:16 kuma ya nuna mana shiga majami'a ran Asabar al'adar Yesu ce. Abin da ya zama al'ada, damina ba ta hana shi.

Ku duba waɗanda ke rage a gari cikin Agusta: wanda ba shi da kuɗin motar zuwa gida, mai koyon sana'a da maigidansa bai sallame shi ba, wadda ke jiran sakamakon WAEC zuciyarta na bugawa, da mai jinyar uwarsa a Asibitin Malam Aminu Kano. Su ne suka fi bukatar a yi addu'a tare da su. In muka kulle ƙofa, su muka kulle wa. Na kuma sha gani, wanda ya yi mako shida bai zo ba, kunya ke hana shi zuwa a na bakwai.

Shawarata ita ce a bar zumunta a buɗe, a dawo da ita ƙarfe huɗu. Ranar da ruwa ya tare hanya, na Gyadi-Gyadi da Tarauni ku taru a gidan ɗaya daga cikinku. Masu tafiya kuwa ku yi koyi da Bulus a Filibi: ran Asabar ya fita bakin kogi neman wurin addu'a, a can ya sadu da Lidiya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ya faɗa. Duk inda kuka sauka, ku nemi ikkilisiya tun makon farko.

Ran Laraba zan buɗe ƙofa. Ka zo, ki zo, wataƙila kai ake jira. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Amin.