Ra'ayinmu: A Binciki Duk Kuɗin da Aka Cire

'Yan'uwa mazauna Zugurma, bayan kaka yawancinmu a bankunan Kontagora muke ajiye kuɗin amfanin gona. Kwanan baya a ajin yaƙi da jahilci mun karanta takardar asusun wani magidanci, muka tarar duk wata ana cire masa kuɗi da sunan wani kamfanin taron bidiyo. Ashe ɗansa ne ya sa lambar katinsa don wani darasi. Irin wannan rajista sabunta kanta take yi har sai an soke ta, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar.

Mu sani, Zoom ma yana ba da taron minti 40 kyauta, babu buƙatar kati.

Wanda ya ga haka ya soke rajistar, ya kai wa bankinsa koke a rubuce, ya karɓi shaidar karɓa. Idan mako 2 ya wuce shiru, sai ya kai ƙara sashen kare masu ajiya na Babban Bankin Najeriya. Zama baƙo a gari ba ya rage haƙƙin kowa. Wanda karatu ya yi wa wuya ya kawo takardarsa aji mu duba tare.

Allah ya tsare mana guminmu.