Manyan motoci cikin gari: ƙayyade lokaci kaɗai ba zai wadatar ba



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanya a Maraɗi lokacin da yara ke tasowa daga lakwal ya san abin da muke nufi. Ga kamyo shaƙe da kaya har ya karkace, ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta gefensa, ga amalanken jaki, ga yaro da jakarsa yana son ƙetarawa. Sai dai mutum ya riƙe numfashi. Haka abin yake a Damagaram da Ƙonni, don hanyar ƙasa mai lamba 1 ta cikin jama'a take ratsawa.

Shi ya sa masu saurare da dama ke kiranmu a rediyo suna cewa a hana manyan motoci shiga gari da rana. Muna tare da su. Lokacin zuwa lakwal, lokacin tashi, da ranar kasuwa, bai kamata tirela ta yi gogayya da ɗan firamare kan hanya guda ba.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya: in an ce da direba ya dakata sai dare, ina zai tsaya? Ƙasarmu ba ta da teku. Shinkafa, siminti, man da ke fitowa daga matatar SORAZ, albasar Galmi da ke fita waje, duk a bayan waɗannan motoci suke. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa sai sun zagayo daga Lome ta Burkina Faso. Direban da ya sha wannan tafiya, in ba a tanadar mishi tasha a bakin gari mai ruwa, makewayi da tsaro ba, gefen kwalta zai ajiye mota cikin duhu. Mun kori haɗari daga tsakar gari, mun kai shi bakin gari ke nan.

Sannan akwai babbar matsalar da agogo ba ya magancewa: lodi fiye da ƙima. Doka kuwa tana nan. Tun watan Disamban 2005 ƙasashen UEMOA suka amince da ƙa'ida mai lamba 14: faɗin mota kada ya wuce mita 2,55, tsawonta sama mita 4, tirela mai jerin ƙafa shida kuma kada ta haura ton 51 ita da kayanta. Tarar da aka rubuta jikka 20 ce kan kowane ton na ƙari a cikin gida, jikka 60 in jigilar tsakanin ƙasashe ce, kuma dole a sauke rarar kayan.

Mi ya sa aka tsananta haka? Injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke kan jerin ƙafa guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ga birki da ba ya kamawa kan lokaci. Ribar ton goma na ƙari aljihun mutum guda take shiga, ramin da ta bari kuwa mu duka muke faɗawa.

Don haka roƙonmu uku ne. Magadan gari su zauna da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa a tsai da sa'o'i, a rubuta a allo, a sanar a rediyo da harsunanmu. A gina tashoshin jira kafin a fara kamu. Kuma a auna mota tun inda aka yi mata lodi, tarar ta hau kan mai kaya da mai mota, ba direba da yaron mota kaɗai ba, don sau da yawa umarni aka ba su.

Sikeli kuma ya zama sikeli. In ana iya rufe mishi ido da 'yar jikka biyu, to gara ma kada a kafa shi.

Ku a unguwarku, wane lokaci ne manyan motoci suka fi takura muku? Muna saurare. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.